To, ina takardar ta shiga?

Kawuna yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa a gefen kwamfutarsa. Tun ranar da na fara koya masa, duk abin da na nuna sai ya ce, "Dakata, ɗana," ya gyara tabarau, ya ɗauki biro. Na ɗaya, kunna. Na biyu, jira har hoton ya fito. Na uku, kai linzami kusurwar ƙasa ta hagu ka danna. Haka har shafi ya cika. Kusan shekara uku littafin nan yana yi masa aiki, yana buga wasiƙunsa, yana fitar da su a firinta, bai nemi kowa ba.

Sai ranar da aka kawo masa sabuwar kwamfuta mai Windows 11. Da yamma ya kira ni a waya, murya a ɗan shaƙe: "Kai, zo ka duba mini, wannan abar ba ta da ƙofa." Da na je na tarar ya bi littafinsa daki-daki. Ya kai linzami kusurwar hagu ya danna, sai ga bayanin yanayi da labarai sun cika masa fuska. Maɓallin Start ɗin da yake nema yana nan, ya dai matsa zuwa tsakiya, bai fi tsawon hannu ba daga inda yake a da. Amma littafi ya ce kusurwa, Kawu kuma ba ya saɓa wa littafi.

Na yi dariya, ba zan ɓoye ba. Sai dai dariyar ba ta yi nisa ba, don na tuna nawa.

A zamanin Windows XP na shafe kwana huɗu ina buga wani dogon rubutu. Da na gama, na ga hoton takardar a fuskar kwamfuta, na jawo shi na jefa cikin filash, na zare, na tafi inda za a buga mini da ƙarfin gwiwata. Aka soka filash, aka danna, kwamfutar ta ce ba ta ga abin da nake nema ba. Mai aikin ya duba, ya ce abin da na kawo nauyinsa kilobait ɗaya ne kacal. Ashe ban kwafo takardar ba, manuninta na kwafo, irin ɗan hoton nan mai ƙaramar kibiya a kusurwa, wanda ba komai a cikinsa sai adireshin inda ainihin fayil ɗin yake. Na ɗauko kwatancen gida na bar gidan. Laifina ne ni kaɗai, kuma ranar ce na fara yi wa kaina tambayar da har yau nake ganin ita ce tushen koyon kwamfuta: idan na danna Save, ina abin yake shiga?

Yawancinmu da muka koya a hannun wani, hanya aka nuna mana, ba a nuna mana gari ba. Ka bi nan, ka juya can, ka danna wannan. Ranar da aka tare hanyar shi ke nan. Kuma masu yin babbar manhaja, wato wadda take riƙe da kwamfutar gaba ɗaya irin su Windows da macOS da Linux, ba sa daina sauya hanya. Maɓallin Start ya zo ne da Windows 95 a shekarar 1995. A 2012 Windows 8 ta cire shi ɗungurungum, mutane suka yi ta ƙorafi, aka dawo da maɓallin a Windows 8.1 a 2013, cikakken jerin nasa kuma sai a Windows 10 a 2015. A 2021 Windows 11 ta mayar da shi tsakiya. Duk wannan kai-komon, abin da ke ƙarƙashi bai motsa ba: akwai faifan ajiya, akwai folda cikin folda, akwai fayil mai suna da adireshi.

Shi ya sa a wannan yammacin ban mayar wa Kawu da maɓallin hagu nan take ba, duk da cewa ana iya yi a cikin saituna, danni uku ko huɗu ne. Na ce, "Kawu, yau a rufe littafin nan tukuna." Ya dube ni ta saman tabarau kamar na ce ya cire hula a gaban sarki.

Na fara masa da tebur da akwati. Faifan ajiya akwati ne, abin da aka sa a ciki yana nan ko an kashe wuta. RAM kuwa saman tebur ne, nan ake baje aikin da ake yi yanzu, yana da sauri ƙwarai, amma da zarar wuta ta yanke sai a share teburin tas. Wasiƙar da kake bugawa tana kan tebur. Danna Save shi ne mayar da kwafinta cikin akwati. Babbar manhaja ita ce mai kula da ɗakin: ita ke ɗauko abu daga akwati ta baje a tebur, ita ke raba wa manhajoji fili don kada wata ta taka na wata, ita ke raba musu lokacin na'urar sarrafawa, wannan ta yi aiki na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, a karɓe a ba waccan, a sake dawowa. Saurin juyawar ne yake sa mu ga kamar komai yana tafiya lokaci guda. Idan tebur ya cika, sai ta riƙa kwashe wasu kaya tana turawa akwati na ɗan lokaci tana dawo da su, kuma wannan jigilar ce sau da yawa take sa kwamfuta ta yi nauyi idan an buɗe shafukan intanet talatin.

Kawu ya ce, "Ashe dai ba tsufa ne ya kama waccan ba, kaya na yi mata yawa." Na ce wataƙila duka biyun.

Daga nan muka shiga akwatin. Na danna maɓallin Windows tare da E, tagar fayiloli ta buɗe, na nuna masa C. Ya tambaye ni me ya sa aka fara da C, ina A da B? Tambayar ta burge ni, don ni na yi shekaru ina ganin harafin ban taɓa tambaya ba. Amsar tana can baya, zamanin MS-DOS da kwamfutar IBM ta 1981, lokacin da A da B na ƙananan faya-fayan nan ne da ake sokawa a zare. Da faifan ciki ya zo sai ya samu harafi na uku. Waɗancan faya-fayan sun ɓace, wanda aka fi sani a cikinsu ma megabait 1.44 kawai yake ɗauka, ko hoto ɗaya na wayar zamani ba zai shiga ba, amma C ya zauna daram. Har hoton da ke kan maɓallin Save a manhajoji da yawa na wannan faifan ne, yara da yawa suna danna shi ba su taɓa riƙe irinsa a hannu ba.

Cikin C akwai foldar Users, cikinta akwai folda mai sunan mai kwamfutar, cikinta kuma akwai Documents da Downloads da Pictures da Desktop. Nan ne na ga idon Kawu ya buɗe. Fuskar kwamfutar da yake gani kullum, wadda ya ɗauka wani wuri ne na musamman, ashe ita ma folda ce kamar sauran, an dai baje abin cikinta a gaba. Na sa shi ya ƙirƙiri fayil a fuskar, ya shiga ta cikin C ya same shi a can. Ya goge a can, ya ga ya ɓace a nan. Ya maimaita har sau uku, bai ce komai ba.

Akwai wani abu da nake yi wa duk kwamfutar da ta shigo hannuna, shi ne in sa ta riƙa nuna wutsiyar sunan fayil. Windows tana ɓoye ta tun daga farko, sai mutum ya kunna da kansa. Wutsiyar nan, .docx ko .pdf ko .jpg ko .exe, da ita Windows take sanin manhajar da za ta buɗe fayil ɗin. A ganina ɓoye ta ya fi cutarwa a kan taimako. Idan wani ya aiko maka da abu mai suna takarda.pdf.exe, kai takarda.pdf kawai za ka gani, ka danna da zuciya ɗaya, alhali manhaja ce ka ba izinin tashi. Kawu wannan kam sai da ya ce a buɗe littafi ya rubuta, na kuwa ƙyale shi.

Ni kaina ban fahimci yawancin waɗannan abubuwa ba sai da na bar Windows na ɗan lokaci. A watan Afrilun 2014 aka daina fitar wa XP da gyare-gyaren tsaro, kwamfutata kuma ta tsufa, sai wani abokina ya ba ni shawarar in gwada Ubuntu, wata babbar manhaja daga dangin Linux. A watan ne aka fitar da 14.04, kuma lambar ma ma'anarta ke nan, shekarar 2014, wata na huɗu. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ana iya tayar da ita daga filash a gwada ta ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Na gwada kwana biyu, na ga tana tafiya, na ɗora ta gaba ɗaya.

Makon farko na sha wuya. Maɓallin rufe taga yana hagu, hannuna kuma kullum dama yake nufa. Na nemi C na rasa. A Linux babu haruffan faifai, komai daga tushe ɗaya yake farawa, wanda ake rubutawa da karkataccen layi kawai, kayanka suna cikin /home, filash kuma idan ka soka sai ya fito a matsayin folda a cikin wannan bishiyar. Na ajiye fayil da sunan Wasika, na zo ina neman wasika da ƙaramin harafi, aka ce babu, domin a can babban harafi da ƙarami suna biyu ne daban. Na'urar kama intanet ta iska ta ƙi aiki sai da na jona waya na sauke mata direba, nan ne na gane cewa direba ɗan tafinta ne tsakanin babbar manhaja da kowane ƙarfe da ke jikin kwamfutar, kuma ba don Windows ta fi wayo ba ne abubuwa suke aiki nan take, masu ƙera kayan ne suka fi rubuta mata tafintan.

Sai baƙin allon nan da ake rubuta umarni. Ranar farko da na rubuta sudo, umarnin da ke ba mutum ikon yin manyan canje-canje, aka nemi kalmar sirri, na buga, ban ga komai ya fito ba, ko ɗigo. Na ɗauka madannan sun mutu. Na buga sau biyar ina gogewa kafin in gane da gangan ake ɓoyewa. Na kuma danna Ctrl da C don in kwafi wani layi, sai aikin da ke gudana ya tsaya cak, ashe a can wannan haɗin ma'anarsa "dakata", kwafa sai an ƙara da Shift. Umarnin rm kuwa ba ruwansa da kwandon shara, abin da ya goge ya tafi. Wannan darasin da hotunan wata tafiya na biya kuɗinsa.

Amma a wannan wahalar ne na fara raba abin da yake na kwamfuta da abin da yake ɗabi'ar Windows kawai. Wanda bai taɓa fita daga gidansu ba gani yake kowane gida haka ake jera ɗakuna. Izini, alal misali. A da idan tagar nan ta fito tana tambaya ko na yarda wata manhaja ta yi canji, haushi take ba ni, in danna Yes ban karanta ba. Da na saba da sudo sai na gane abu ɗaya ne: akwai mai amfani na yau da kullum, akwai mai gida, kuma ba a so ka zauna da makullin mai gida a hannu kullum, don duk abin da ka buɗe da wannan ikon zai tashi. Tsarin Unix, tsohuwar babbar manhajar da Linux ta kwaikwaya, yana da wannan rabon tun shekarun 1970, Windows kuma ta kawo tagar tambayar ne a Vista.

Linux ɗin ma, in za a faɗi gaskiya, sunan zuciyar babbar manhajar ne kawai, wato ɓangaren da ke hulɗa da ƙarafan kwamfuta kai tsaye. Linus Torvalds ya fara rubuta ta a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, aka haɗa ta da kayan aikin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. Ubuntu da Debian da Fedora da Linux Mint duk zuciya ɗaya suke amfani da ita, tufafi da kayan ɗaki ne suka bambanta. Mint ma maɓallin jerinta yana kusurwar ƙasa ta hagu, wato da ita aka kawo wa Kawu, da shafin farko na littafinsa ya yi aiki lafiya lau. Kuma wayar Android da ke aljihunsa, wadda yake cewa ta fi kwamfuta sauƙin kai, a kan zuciyar Linux aka gina ta.

Mac ban daɗe da ita ba, aro aka ba ni na 'yan watanni. Ita ma da nata halin. Ka danna jan ɗigon nan taga ta rufe, amma manhajar tana nan a raye sai ka danna Command da Q. Ka zaɓi fayil ka danna Enter don ya buɗe, sai ta ba ka damar canza masa suna, aikin da F2 ke yi a Windows. Sai dai wannan karon kwana biyu ya ishe ni, domin na riga na san abin da zan tambaya: ina gidana, ina ake ganin abin da ke gudana, ina saituna, wa ke da izini. Da na buɗe baƙin allonta na rubuta ls da cd, umarnan Linux na jero fayiloli da shiga folda, suka amsa, na ji kamar na haɗu da ɗan uwa a baƙon wuri, don ita ma jinin Unix ce.

Wurin da su ukun suke yawan saɓawa shi ne filash. Wani ya taɓa kawo mini filash mai gigabait 32, babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar bidiyo mai gigabait biyar. Ya rantse filash ɗin jabu ne. Ba jabu ba ne, an tsara shi ne da FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait huɗu, komai yawan filin da ya rage. Windows ta fi amfani da NTFS, Mac da APFS, Linux kuma galibi ext4. Mac tana karanta faifan NTFS amma ba ta rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja. Ni duk filash ɗin da zai yi yawo tsakanin kwamfutoci exFAT nake sa masa, a huta. A dai tuna cewa sake tsara faifai yana share abin da ke ciki. Zancen cire filash kafin a sallame shi kuwa ba camfi ba ne: wani lokaci babbar manhaja tana nuna ta gama kwafa alhali sauran bayanan suna kan tebur, ba su gama shiga akwati ba.

Na so in koya wa Kawu haɗe-haɗen madannai da yawa, ya ce yatsunsa ba na makaɗi ba ne. Muka tsaya a kan kaɗan. Ctrl da S, na yin Save, wanda na ce ya mayar da shi kamar numfashi. Ctrl da Z, don janye kuskure, wanda shi ne ya fi cire masa tsoro, domin babban abin da ke hana manya taɓa kwamfuta shi ne fargabar lalata abu. Alt da Tab don tsallakawa tsakanin tagogi. Sai wanda ya fi so: danna maɓallin Windows shi kaɗai, ka fara buga sunan abin da kake nema. Da wannan, maɓallin Start ya koma hagu ko tsakiya ko rufin ɗaki, ba ruwanka. Na kuma ƙara masa madannan Hausa a saituna don ya samu ɓ da ɗ da ƙ, yana sauyawa da maɓallin Windows da dogon maɓallin tazara. Kafin nan duk wasiƙunsa da biro yake bin su yana ƙara wa haruffa lanƙwasa bayan an buga.

Abin da ya fi ba shi wuya, kuma ban ga laifinsa ba, shi ne ajiyar gajimare. Na gama gamsar da shi cewa kowane fayil yana da wuri ɗaya a cikin akwati, sai ga wasu foldoji masu ɗan hoton gajimare a gefe, waɗanda sunan fayil ɗin yana nan amma jikinsa yana can a wata kwamfuta a intanet, sai an danna a sauko da shi. Na ce, "Kawu, kamar manunin nan ne da na taɓa kwafa, sai dai wannan ya san hanyar zuwa ya ɗauko." Ya ce, "In babu intanet fa?" Na ce sai a jira. Ya girgiza kai ya ce shi dai a bar masa nasa a akwatinsa, inda zai iya sa hannu. Na nuna masa inda ake zaɓar a riƙa ajiye kwafi a kan kwamfutar kullum, muka kuma sayo faifan waje da yake kwafe foldarsa a kai duk ƙarshen wata.

Tsohuwar kwamfutar tasa ba ta cika sharuɗɗan Windows 11 ba, ba ta da guntun tsaron nan na TPM 2.0, ita kuma Windows 10 an tsayar da tallafinta na yau da kullum a 14 ga Oktoban 2025. Na ce ya ba ni in ɗora mata Mint jikokinsa su riƙa wasa da ita. Ya yarda, da sharaɗin sai ya kwashe kayansa da hannunsa. Na zauna a gefe na harɗe hannu. Ya shiga C, ya shiga Users, ya sami sunansa, ya zaɓi Documents, ya jawo zuwa faifan waje. Da ta gama, maimakon ya zare, sai ya buɗe faifan, ya danna dama a kan foldar, ya duba nauyinta, ya koma ya duba na asalin.

"Me kake dubawa, Kawu?"

"Ina tabbatarwa ne gidan na ɗauko," in ji shi, "ba kwatance ba."

Bayan mako biyu ya sake kira. Ya sauke wata takarda daga imel ta ɓace masa, amma kafin in buɗe baki ya ce in bari, ya gan ta a Downloads, abin da yake so ya sani shi ne ko akwai yadda za a sa ta riƙa tambayarsa inda za ta ajiye kafin ta sauke. Na ce akwai, a saitunan manhajar shiga intanet ne. Na ji ƙarar buɗe shafi ta cikin wayar.

"Dakata, ɗana," ya ce, "bari in ɗauko biro."